Madarar oganik a Kano: shin nonon ruga ya cika sharaɗi?

Hajiya Mai Yogot:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so masana su warware mana. Masu sayen kindirmo da yogot a cikin gari sun fara tambaya ko madarar oganik ce, wato wadda aka samar ba tare da sinadaran zamani ba, wasu har suna cewa za su ƙara kuɗi in dai ita ce. To iyalin da ke da shanu biyar ko goma a Kumbotso ko Gezawa ko Dawakin Kudu, me za su yi kafin a kira madararsu da wannan suna? Kuma in sun yi, riba za su ci ko wahala za su saya?

Ardo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina abin da Bature ya sa wa suna yanzu shi ne abin da makiyayi ke yi tun kaka da kakanni. Bunaji da Rahaji da Bokoloji suna fita kiwo da hantsi, su ci gamba da kyasuwa da damina, da kaka su shiga karan dawa da harawa, da bazara a kaɗo musu 'ya'yan gawo, a ba su kanwa. Babu buhun abincin kamfani, babu allurar ƙarin nono. In wannan ba oganik ba ne, to mene ne?

Dakta:
Allah ya ja zamanin Ardo. Ta fuskar fita kiwo kam garken ruga ya wuce shanun Turai da yawa, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Oganik ba siffar saniya ba ce, ƙa'ida ce da ake rubutawa a kuma zo a bincika. A Amurka, filin da shanu ke kiwo a kai sai ya yi shekara 3 ba takin zamani ba feshin sinadari, garken ya yi wata 12 a kan tsarin, sannan shanun su yi aƙalla kwana 120 a shekara suna kiwo a fili, kashi 30 cikin 100 na abincinsu a wannan lokaci daga ciyawar da suka tsinka da bakinsu. Saniyar da aka yi wa allurar antibayotik ko sau ɗaya ta fita daga tsarin ke nan har abada, kuma dokar ta hana a bar dabba da ciwo don gudun haka. Dole a yi mata magani, sannan a ware ta.

Tarayyar Turai ta fi sassauci. Dokarsu da ta fara aiki a 2022 ta yarda a yi maganin asibiti in likita ya rubuta, amma kwanakin jira kafin a sayar da madara sai an ninka su biyu, kuma ba za su gaza awa 48 ba. In saniya ta wuce zagayen magani uku a wata 12 ta fita. Maraƙi kuma sai ya sha madara ta gaske kwana 90.

To mu auna da namu. Karan dawar da garke ke ci da kaka daga gonar da aka zuba yuriya da NPK ne, aka fesa maganin ciyawa. Harawar wake kuwa kowa ya san yawan feshin ƙwari da wake ke sha kafin girbi. Sannan da wuya ka samu rugar da babu kwalbar antibayotik na oksitetrasaikilin a rataye. Kuma babu littafin da aka rubuta ranar da aka yi wa wace saniya allura. Mai bincike in ya zo, littafin zai fara tambaya kafin ya dubi saniya.

Ardo:
Dakta, maganar allura gaskiya ce, ba zan musa ba. Amma garken da ke gangarawa kudu da rani, ya ratsa Kaduna ko Neja inda tsando yake, in ba a yi masa maganin sammore ba ai ƙarewa zai yi. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai san sammore ba.

Dakta:
Haka ne ranka ya daɗe, shi ya sa ba na goyon bayan a ɗauko tsarin Amurka a ɗora wa makiyayinmu. Sammore sai allura irin diminazin, ciwon hanta sai maganinsa, ba sassaƙen da zai maye gurbinsu. Abin da nake kira a kai shi ne kwanakin jira. Kowace kwalba an rubuta mata kwana nawa za a daina sayar da madara bayan allura. Ta diminazin yawanci kwana 3 ne. Oksitetrasaikilin mai dogon zango wasu kamfanoni sun rubuta mako guda, wasu ma sun ce kada a yi wa saniyar da ake tatsa. Allurar aibamektin ta yau da kullum, wato ta kashe tsutsa da kaska, ba a yi wa saniyar da mutane ke shan madararta. Kuloramfenikol kuwa an hana shi ga duk dabbar da ake ci ko ake sha, kada ya shigo garke ko kyauta aka ba mutum. Albendazol, maganin tsutsar ciki, a guje shi a kwana 45 na farkon ciki, yana iya lahanta ɗan tayi.

Hanya mai sauƙi: a ɗaura wa saniyar da aka yi wa allura jan ƙyalle a ƙafa ko a wutsiya, a tatse ta ƙarshe, a ƙwarya dabam, a zubar. Rigakafi kuma duk tsarin oganik ya yarda da shi. Na ciwon huhu, da harbin daji, da saifa, ana haɗa su a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, kuma a yi su kafin damina ta zauna.

Hajiya Mai Yogot:
Dakta ka taɓo inda ke yi wa masu sarrafawa ƙaiƙayi. Ga yadda ragowar magani ke bayyana a tukunya: an dafa madara zafinta ya kai maki 85 a ma'aunin Salsiyos an riƙe ta minti 30, an huce ta zuwa 43, an zuba iri mai kyau, an rufe. Ya kamata cikin awa 4 zuwa 6 ta kama ta yi kauri. Sai a buɗe bayan awa 8 a tarar ruwa tsululu, ba tsami, ko ta yi yauƙi. Maganin da ke cikin madarar ne ya kashe ƙwayoyin irin. Madarar saniya ɗaya tak da aka yi wa penisilin jiya ta isa ta ɓata tanki guda. Kuma tafasa ba ta fitar da shi. Wannan asara ta fi damun mai sarrafawa fiye da kowace takardar shaida.

Malamin Gona:
Ku ba ni dama in kawo lissafin ciyarwa, domin a nan ne oganik ke tsayawa ko ya faɗi a ƙasar Kano. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, kusan kwana 120 ɗin nan da Amurka ta ce. Sauran wata 8 fa? Saniya mai aure, wato wadda aka haɗa irinta da na shanun Turai Firisiyan, da ta kai kilo 400 tana cin busasshen abinci kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta a rana, kilo 12 ke nan. A ninka da kwana 240, ya zama kilo 2,880. Shanu biyar sun haura tan 14, ban da maruƙa da karsana. Mai kiwon yau da kullum zai je Dawanau ko wurin masu inji ya sayo dusar alkama da ta masara da ƙowa da angurya ya cike giɓi. Mai oganik ba shi da wannan ƙofa, don duk abin da zai saya sai shi ma ya fito daga gonar da aka tabbatar. Sai dai ya noma da kansa.

Kuma ya rasa babban makamin rani, wato gyaran tattaka da yuriya. Ga wanda bai san shi ba: kilo 100 na bambaron shinkafa irin wanda ake ƙonawa a Kura da Garun Malam, ko karan dawa da aka sassara, a narka yuriya kilo 4 a ruwa lita 80 zuwa 100, a riƙa shimfiɗa tattakar ana yayyafawa ana tattakewa, a rufe da leda ruf ba inda iska za ta shiga, a bar shi mako 3. In an buɗe za a ji warin amoniya, launin ya koma ruwan ƙasa. A shanya na yini guda kafin a ba dabba. Furotin ɗinsa yana tashi daga wajen kashi 4 zuwa wajen 8, kuma tumbi ya fi narka shi. Kuskuren da ke kisa shi ne a bar yuriyar ba ta narke ba, ko saniya ta sha ruwan da aka narka ta a ciki. Cikin rabin awa za ta fara dalala da karkarwa da kumburin ciki. Taimakon gaggawa ruwan khal ne da ruwan sanyi a ɗura, a kira likita. Maraƙin da bai kai wata 6 ba kada a ba shi. To wannan duka haramun ne a tsarin oganik, saboda yuriya sinadarin masana'anta ce.

Ɗalibin Kiwo:
Malam, in an hana yuriya da abincin kasuwa, daga ina furotin zai fito?

Malamin Gona:
Daga dangin wake, ƙanena. Lablab shi ne gaba. Ana shuka shi tsakanin layukan dawa ko masara mako 3 zuwa 4 bayan su, don kada ya danne su, a yanke shi da ya fara fure, a busar a inuwa. Ganyen ne ke ɗauke da furotin, in aka shanya shi a rana tsaka ana jujjuyawa sai ganye ya kakkaɓe a kwashi tsirara kara. Haka harawar wake da ta gyaɗa: a ɗaure da sassafe da sauran raɓa, a ɗora a kan rumfa, ba a ƙasa ba inda gara da laima za su ci. Sai ganyen zogale da 'ya'yan gawo a matsayin ƙari.

Wanda ke da ruwan rani zai iya sa ciyawar Nafiya, ko ya yi ciyawar rami da masara. A yanke masarar lokacin da ƙwayarta ta wuce ruwa-ruwa ta fara tauri, a sassara tsawon gaɓar yatsa, a zuba a rami ana dannewa sosai, a rufe a ranar ko washegari. Bayan mako 3 zuwa 6 a buɗe ta gefe ɗaya. Mai kyau tana ƙamshin tsami kamar na kunu. In ta yi baƙi tana ɗoyi, iska ta shiga, ba a danne da kyau ba. Takin kuma kashin shanun ne zai koma gona. Turawa sun ƙayyade shanun tatsa biyu ga kowace hekta. Ka ga mai shanu biyar da bai da hekta biyu da rabi bai ma fara ba.

Alhaji Mai Dusa:
Jama'a kuna ta maganar magani da taki, kun bar abin da ya fi su haɗari, kuma shi bai san oganik ba bai san na zamani ba. Fumfuna nake nufi. Tunkuza da angurya da dusar masara in sun sha laima suna haifar da dafin afulatoksin. Saniya ta ci yau, zuwa gobe ya fito a madararta. Dafuwa ba ta kashe shi, kindirmo ba ya kashe shi. Hanta yake ci, kuma yara su suka fi shan madara. Turai iyakarta maikurogiram 0.05 a kilo ɗaya na madara, Amurka 0.5. Gyaɗar da aka noma ba taki ba feshi, in aka jibge ta da ɗanyenta a ɗaki, dafinta bai da bambanci da na kowa.

Yadda ake gane buhun da ya lalace: a zura hannu tsakiyarsa, in da ɗumi a ciki akwai matsala. A duba dunƙulewa, da launin kore-kore ko toka-toka, da warin ruɓa. Amma a sani wani buhun yana da dafi ido bai gani ba, don haka ajiya ce magani. A jera buhu a kan katako, taku guda nesa da bango, kada a sayi na fiye da wata guda da damina. Dusar masu surfe da ake kawowa da jiƙonta a shanya ta a ranar. In an cire gurɓataccen abincin, cikin kwana 3 zuwa 4 madara takan wanke. Masu noma nasu kuma akwai Aflasafe, maganin rigakafin wannan dafi na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ana watsa shi a gonar masara da gyaɗa mako 2 zuwa 3 kafin fure.

Dakta:
Allah ya saka da alheri Alhaji. In ƙara da na cikin birni. Saniyar da ake saki tana yawo a kan bola tana haɗiyar leda, tana lasar tsohon batir mai dalma, ba wanda ya yi mata allura amma madararta ba abin sha ba ce. Haka ciyawar da ake yankowa a bakin Jakara ko gefen kogin Challawa inda ruwan masana'antu da na majema ke sauka. Ɗanyenta shar, amma a tambayi inda aka yanko ta kafin a saya.

Ardo:
To Dakta, ciwon hantsa fa? Shi ne ke sa a fi ɗaukar allura a garken tatsa. In ana son rage allurar, mene ne hanya?

Dakta:
A nan ne masu oganik suka koya wa kowa darasi, don da aka ɗaure musu hannu a kan magani sai suka ƙware a rigakafi. Ciwon hantsa daga hannun mai tatsa da kwancin saniya yake shiga. A wanke hannu da sabulu. A goge kan nono da tsumma mai tsabta, kowace saniya da nata, kuma a busar kafin a fara, don ruwan da ke gangarowa daga hantsa shi ke kai datti bakin nono. Tatsar farko sau biyu ko uku a yi ta a kan baƙin faranti, in an ga gudaji ko zare-zare ko ruwa-ruwa, ciwo ya fara. A tatsa da dunƙulen hannu, ba a ja da yatsa biyu ba, jan nan yana raunata ƙofar nono. A gama cikin minti 7 ko 8, domin sakin nonon da saniya ke yi bai wuce haka. Da an gama a tsoma kowane kan nono a ruwan aidin na tsomawa, sannan a zuba mata abinci ta tsaya a tsaye rabin awa, don ƙofar ba ta rufewa nan take. In ta kwanta a taɓo a wannan lokaci, an buɗe wa cuta hanya.

Jerin tatsa: karsana masu haihuwar fari, sai manya masu lafiya, sai masu ciwo a ƙarshe. Sau ɗaya a wata a yi gwajin faranti mai gida huɗu, wanda ake kira CMT, madarar kowane nono a gidansa, a zuba ruwan gwaji daidai da ita a jujjuya. Wanda ya yi yauƙi kamar kuɓewa yana da ciwo a ɓoye. Kuma a daina tatsa kwana 60 kafin haihuwa. Amma in hantsa ta kumbura ta yi zafi, saniya ta daina ci, wannan ba lokacin man shafawa da ruwan ɗumi ba ne, a yi magani.

Mai Tara Madara:
Ni abin da zan ƙara, masu saye da yawa suna ɗauka oganik na nufin a sha ɗanye. Wannan kuskure ne mai kai mutum asibiti. Bakkale da tarin fuka na shanu duk suna bi ta ɗanyar madara. Bakkale a saniya ɓari ne a wata na 6 zuwa sama da maƙalewar mabiyiya, a mutum kuma zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Tsamin nono ba abin dogaro ba ne wajen kashe shi. Dafawa ce: maki 63 minti 30, ko 72 daƙiƙa 15, a gida kuma a bari ta tafaso.

Wurin karɓa kuma gwajin ɗaya ne ga kowa. A tace, a shinshina. A sa laktomita, wato ma'aunin kaurin madara, madarar da ba a taɓa ba tana tsakanin 1.026 da 1.032, ƙasa da haka an sa ruwa. A haɗa ɗan kaɗan da sifirit mai ƙarfin kashi 68 daidai wa daida, in ta tsinke ta fara tsami ko akwai dakashi ko ciwon hantsa. A watan Afrilu da zafin Kano ke haura maki 40, madarar da ba ta shiga sanyi cikin awa 2 zuwa 3 ba ta tafi. Ana son ta sauka zuwa maki 4. Jarkar roba mai ƙaramin baki ita ce babbar abokiyar gaba, hannu ba ya shiga ya wanke lungunta. Gwangwanin alminiyon mai faɗin baki, a ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan ruwan zafi da sabulu, a kife a rana. Cibiyoyin tara madara da shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, ya gina da kuɗin Bankin Musulunci, da irin tarin da kamfanin madara na L&Z ke yi a wurin makiyaya, duk a kan wannan sanyayawa suka tsaya.

Hajiya Mai Yogot:
To a gaya mini gaskiya, madarar oganik ta fi lafiya ko kuwa suna ne kawai?

Malamin Gona:
Akwai bambanci Hajiya, amma a san daga ina ya fito. Babban nazarin da Jami'ar Newcastle ta Ingila ta jagoranta a 2016 ya nuna madarar oganik ta fi ta yau da kullum kitsen omega-3 da kusan rabi, amma ta gaza ta a aidin da seleniyom. Ƙarin omega-3 ɗin daga ɗanyar ciyawa ne, ba daga takardar shaida ba. Shi ya sa man shanun damina yake rawaya, na rani fari. Bunajin da ke cin gamba a watan Agusta tana da wannan falala ko ba wanda ya zo ya duba ta.

Ta fuskar riba kuma ni ba na ba ƙaramin mai kiwo shawarar neman shaidar ƙasar waje. Kuɗin mai bincike kowace shekara ne, ga shekarun sauyi da ake kashe kuɗin oganik ana sayarwa a farashin kowa. Bunaji a ruga lita 1 zuwa 2 take bayarwa bayan rabon maraƙi, ba abin da zai biya wannan. Mai aure da ke ba da lita 8 zuwa 12 kuwa da dusa da tunkuza take yin haka, wajen kilo 1 ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi, da ruwan sha lita 60 zuwa sama. A janye mata su nono ya faɗi, ta rame, ta daina neman sa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ardo:
A nan ba mu rabu ba Malam. Sai dai ina tsoron a bar sunan ga masu kuɗi, makiyayin da shanunsa suka fi cin ciyawa ya tashi a tutar babu. Babu hanyar da ƙungiya za ta bi?

Malamin Gona:
Akwai, ranka ya daɗe. Tsarin shaidar haɗin gwiwa, wanda ƙungiyar masu noman oganik ta Najeriya, NOAN, ke ƙarfafawa. Masu kiwo da masu saye da wani masani su zauna su rubuta ƙa'idarsu, su riƙa ziyartar garken juna, wanda ya saɓa a dakatar da shi. Ya dace da kasuwar gida. Amma ko shi sai da littafi, kuma abin da aka rubuta a jikin roba ya zama abin da za a iya nunawa. Wanda shanunsa ke cin harawar kasuwa kada ya rubuta oganik. Ya rubuta madarar shanun kiwo, an dafa, an kiyaye kwanakin magani.

Ɗalibin Kiwo:
Dakta, littafin nan da kuke ta ambata, me ake rubutawa a ciki? Yawancin iyayenmu a ruga ba sa rubutun boko.

Dakta:
Ajami ya wadatar, ko yaro ɗan makaranta ya riƙa rubutawa da yamma. Kowace saniya shafinta, da sunan da ake kiranta da shi ko lambar kunne. A sama ranar haihuwarta ta ƙarshe da ranar da aka yi mata baye. Ƙasa kuma layi biyar: kwanan wata, abin da aka gani, sunan magani, mil nawa aka yi, sai ranar da madararta za ta koma kasuwa. A bayan littafin shafin abinci: ranar da aka sayo buhu, wurin wa, wane iri. Kwalbar da ta ƙare kada a jefar, a tara a kwali har shekara ta zagayo, don in tanki ya ƙi kamawa a wurin Hajiya, da kwalbar da kwanan watan za a gano daga wane garke abin ya fito.